Gidan tarihin zane na Landan, a je ko a bari?

Ɗan'uwa daga Marwa, ka ce za ka raka Alhajinku Landan kuma kai bajimin ɗinki ne, kana tambaya ko Design Museum ya kai a ɓata masa yini. Wallahi ka je, amma kar ka sa ran ganin takubba da gangunan sarauta irin na gidajen tarihinmu na nan. Can kayan yau da kullum ne a ajiye, kujera, keken rubutu na Olivetti, babur Vespa, allunan kan titi, har taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Landan da Harry Beck ya zana aka fito da ita 1933, kowanne da bayanin wa ya ƙirƙiro shi da dalilin da ya sa aka ba shi wannan siffar.

Terence Conran, wani mai zana kayayyaki ɗan Birtaniya, shi ne ya kafa gidan a 1989 kusa da gadar Tower Bridge, cikin tsohon sito na ayaba, sai 2016 suka koma unguwar Kensington. Ka sauka tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta High Street Kensington, ɗan tattaki ne. Babban ɗakin nuni kyauta ne, na musamman su ake biyan kuɗi, kuma fam in ka juya shi zuwa sefa sai ka ji ciwon kai.

Kai mai sana'a ka tsaya wajen da suke nuna yadda abu ke tashi daga takarda zuwa samfuri. Dukawan Marwa masu jakunkunan fata ma abin da suke yi kenan, sai dai ba mai rubuta sunansu jikin bango. Awa biyu ya ishe ka, ka duba ranakun buɗewa a intanet kafin ka fita.