Na karanta ilimin halayyar ɗan Adam, shin akwai mini gurbi a binciken cututtukan gado na yara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni haifaffiyar Misfala ce a Makka, kuma bara na kammala digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a nan muke kira ilmun nafs. Ina da ƙane ɗan shekara bakwai wanda har yanzu bai haɗa kalma biyu ba, likitoci kuma sun ce matsalar daga ƙwayoyin gado take. Tun daga nan zuciyata ta karkata ga bincike a kan irin waɗannan yara, amma duk wanda na yi wa maganar sai ya ce wannan fagen likitoci ne da ma'aikatan ɗakin gwaji, gara in nemi aikin ba ɗalibai shawara a makaranta. Shin haka ne? Idan ba haka ba ne, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya saka wa iyayenku da alheri bisa ɗawainiyar da suke yi da shi. Waɗanda suka ba ki wannan shawara rabin aikin kawai suka hango. Gaskiya ne cewa ɗaukar jini da karanta ƙwayoyin gado aikin likita ne da masanin ɗakin gwaji, amma sakamakon da na'ura ke fitarwa sunan ƙwayar da ta sami tangarɗa kawai yake faɗa, ba ya faɗin yadda yaron ke magana, ko yadda yake barci, ko abin da ke sa shi dukan kansa da bango, ko irin koyarwar da za ta shige shi. Auna waɗannan abubuwa da ma'auni amintacce, a rubuta su yadda wani mai bincike a wata ƙasa zai iya kwatanta su da na yaran da ke hannunsa, shi ne ainihin abin da aka koya miki, kuma shi ne abin da ya fi ƙaranci a wannan fage.

A nan Saudiyya giɓin ya fi fitowa fili. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar ya nuna cewa fiye da rabin aurarraki auren zumunci ne, kuma idan uwa da uba kowannensu yana ɗauke da kwafi ɗaya na ƙwaya mai tangarɗa, su kansu lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji kwafin biyu, cutar ta bayyana. Wannan ne ya sa ƙasar ta zama wurin da ake gano sababbin cututtukan gado fiye da wurare da dama. An ƙaddamar da shirin nazarin ƙwayoyin gadon 'yan ƙasa a 2013, kuma tawagar Farfesa Fauzan Alkuraya a Asibitin Sarki Faisal da ke Riyad ta yi suna a duniya wajen gano ƙwayoyin da ke jawo naƙasar fahimta. Sai dai idan kika karanta rahotannin farko na irin waɗannan sababbin cututtuka, ko daga ina suka fito, sau da yawa za ki ga an cika shafuka da bayanin ƙwayar, halin yaron kuwa an taƙaita shi a layi biyu: jinkirin magana, raunin fahimta. Uwa ba wannan take tambaya ba. Tambayarta ita ce ko zai yi magana, ko zai iya zuwa bayan gida da kansa, ko makaranta za ta karɓe shi.

Tun a 1972 wani likitan yara na Amurka, William Nyhan, ya jawo hankali ga cewa wasu cututtukan gado suna zuwa da halayya tasu ta musamman. Yaro mai lalurar Williams, wadda ke faruwa idan wani ɗan yanki na kiromosom na 7, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ya ɓace, yakan zama mai surutu da saurin sabo da baƙo, amma ki ba shi 'yan katakai ya jera su bisa zane, sai abin ya gagare shi. Mai lalurar Prader-Willi, daga kiromosom na 15, ba ya jin ƙoshi, har sai an kulle wurin ajiyar abinci. Yarinya mai lalurar Rett kuwa takan taso lafiya har wata shida zuwa sha takwas, sannan ta fara rasa kalmomin da ta koya da amfani da hannuwanta, kuma a 1999 ne ɗakin binciken Huda Zoghbi, haifaffiyar Labanan, ya gano ƙwayar da ke jawo ta. Na kawo Rett ne saboda wani dalili. Lokacin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan lalura a 2023, ɗaya daga cikin manyan ma'aunai biyu da aka dogara da su takardar tambayoyi ce game da halayyar yarinya, wadda masu reno ke cikewa, kuma masana halayya ne suka tsara ta tun da farko. A ɗaya ɓangaren, manyan gwaje-gwajen magani a kan lalurar Fragile X, wata cutar gado mai jawo raunin fahimta, sun tashi babu sakamakon da ake fata, kuma masu bincike da dama sun ɗora wani kaso na laifin a kan raunin ma'aunan da aka yi amfani da su. Kin ga ke nan mai aunawa ba 'yar rakiya ba ce.

Akwai kuma wata baiwa da kike da ita wadda ƙila ba ki ɗauke ta a bakin komai ba, wato Hausa da Larabci a baki ɗaya. Wata rana aka kawo mini wata yarinya 'yar shekara huɗu tare da kakarta. An riga an gwada ta da Larabci, an rubuta cewa ba ta bin umarni ko guda. Na ajiye ƙoƙo da cokali da 'yar tsana a kan tabarma, na ce da ita da Hausa, “Ɗauko mini ƙoƙon nan, ki ba 'yar ruwa.” Ta dube ni, ta dubi kakar, ta miƙa hannu ta ɗauko ƙoƙon ta kai bakin 'yar tsanar. Kakar ta ce, “Ai Dakta, a gida ba a yi mata Larabci, wurina take wuni.” Yarinyar tana da jinkiri na gaske, wannan bai canja ba, amma zurfin da aka rubuta ba shi ne zurfinsa ba, kuma da an shigar da makin farko cikin bincike, da an jingina wa ƙwayar gadonta abin da ba ita ta jawo ba. Haka ma takardun auna dogaro da kai, irin su Vineland, sukan tambayi ko yaro yana cin abinci da cokali, alhali a gidaje da yawa da hannu ake ci. Fassara waɗannan ma'aunai da daidaita su da rayuwar mutanenmu, sannan a gwada ingancinsu, bincike ne cikakke wanda ake samun digiri na biyu da na uku da shi.

Ƙofar shiga ga mai digirin farko ita ce aikin mataimakiyar mai bincike ko mai kula da tafiyar bincike. Aikin ba na ƙawa ba ne: kiran iyaye a waya, yi musu bayanin binciken har su fahimta kafin su sa hannu, zama da yaro awa ɗaya ko biyu ana gwaji, shigar da maki a kwamfuta, bin sawun waɗanda ba su dawo ba. Amma a nan ake koyon sana'ar, kuma daga nan sunan mutum ke fara shiga takardun da ake wallafawa. Wuraren da ya kamata ki sa wa ido su ne Asibitin Sarki Faisal, wanda ke da reshe a Jidda, da cibiyar binciken galahanga, wato tawahhud, da ke ƙarƙashinsa a Riyad, da Cibiyar Sarki Salman ta Binciken Naƙasa, da Cibiyar Sarki Abdullah ta Binciken Lafiya da ke ƙarƙashin asibitocin Haras Watani, wato rundunar tsaron ƙasa. Mafi kusa da ke ita ce Cibiyar Gimbiya Aljauhara ta binciken cututtukan gado a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya daga Makka ba.

Kafin ki ƙwanƙwasa, ki ƙarfafa kanki a ƙididdiga, domin ita ce ke raba mai tattara bayanai da mai bincike. Idan manhajar ƙididdiga ta SPSS kika koya a jami'a, ki ƙara da takwararta R, wadda kyauta ce. Ki san ma'aunan da ake aiki da su da shekarun da kowanne ya dace da su: Bayley na auna ci gaban jarirai daga wata ɗaya zuwa wata 42, Wechsler na auna basirar yara daga shekara 6 zuwa 16, M-CHAT don tantance alamun galahanga tsakanin wata 16 da 30, sai ADOS, na gano galahanga ta hanyar lura da yaro, wanda ba a yarda mutum ya yi amfani da shi a bincike ba sai ya sami horo na musamman an tabbatar makinsa yana daidai da na ƙwararru. Turancin karatu da rubutu dole ne. Ki kuma yi horon ladubban bincike na kwamitin ƙasa, wanda ake yi ta intanet, saboda kwamitocin asibitoci kan nemi takardar shaidarsa kafin su bar sunan mutum ya shiga wani aiki.

Akwai iyakoki biyu da ba zan ɓoye miki ba. Na farko, digirinki bai ba ki izinin yanke wa yaro hukuncin cewa yana da wata lalura ba. Aikin asibiti yana buƙatar tasnif, wato tantance matakin ma'aikaci, daga Hukumar Ƙwarewar Ayyukan Lafiya, kuma matakin da za a ba ki ya danganta da irin digirin, don haka kafin ki biya kuɗin kowane digiri na biyu ki tabbatar hukumar ta amince da shi. Na biyu, ba ki faɗa mini ko ke 'yar ƙasa ce ko mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba, kuma wannan yana da tasiri, domin guraben gwamnati 'yan ƙasa ake fara ba wa. Idan mai iƙama ce, ki fi mai da hankali ga ayyukan da ke tafiya da kuɗin tallafin bincike, da cibiyoyin kula da yara masu zaman kansu, da neman gurbin ƙaro karatu a waje. A Birtaniya, alal misali, Jami'ar Kadif da Jami'ar Bamingham sun daɗe suna nazarin halayyar yara masu cututtukan gado, kuma da yawa daga ma'aikatansu irin karatunki suka yi.

Idan an kai ga zaɓen digiri na biyu, ana iya bin ɓangaren asibiti, ko ɓangaren nazarin ƙwaƙwalwa da girman yara, ko ba iyalai shawara kan gado, wanda ake koyarwa a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da Jami'ar Alfaisal. Ni dai da za ki nemi ra'ayina a kan maudu'i, da na ce ki dubi sikila. Mutanenmu sun san ta da ciwon ƙashi da ƙarin jini, amma kaɗan ne suka san cewa kusan ɗaya cikin uku na yaran da ke da nau'inta mai tsanani suna samun 'yar toshewar jini a ƙwaƙwalwa wadda ba ta shanye hannu ko ƙafa, sai dai a ga yaro ya koma baya a lissafi, ya kasa mai da hankali, a ce masa malalaci. Cutar tana da yawa a Jizan da yankin gabas, tana kuma cikin gidajen Hausawa, ga shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya yi fice a binciken hana shanyewar jiki ga irin waɗannan yara, wanda ke nufin akwai abokan aiki da kuke jin harshe ɗaya.

Game da ƙaninki, zama da shi ya koya miki haƙuri da lura waɗanda aji ba ya koyarwa, amma kada ki zama ke ce mai gwada shi, kuma kada ki sa shi cikin binciken da kike aiki a kai ba tare da kin sanar da shugaban aikin ba. Za ki kuma haɗu da uwayen da za su riƙe hannunki su ce, “Don na auri ɗan baffana ne?” Ki shirya amsarki tun yanzu: kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu tangarɗa bai sani ba, kuma gwajin kafin aure da aka wajabta tun 2004, a ɓangaren cututtukan gado, sikila da talasimiya, wata cutar ƙarancin jini ta gado, yake dubawa, ba irin wannan ba.

A wannan makon, ki zaɓi masu bincike uku a Jidda, ki karanta takarda ɗaya ta kowannensu daga farko har ƙarshe, sannan ki rubuta musu gajeriyar wasiƙa ta imel. Ki ambaci takardar da abin da kika fahimta a cikinta, ki faɗi ma'aunan da kika sani, ki bayyana cewa kina jin Hausa da Larabci da Turanci, kuma a shirye kike ki yi aikin sa kai na wata uku. Idan mako biyu ya wuce babu amsa, ki sake turawa sau ɗaya, sannan ki wuce ga na gaba.