Kiɗa ɗaya, mawaƙa goma

Jiya muna naɗe wayoyi ka tambaye ni: "Oga, na ji waƙoƙin Jamaika har shida a kan kiɗa ɗaya sak, kuma babu wanda ya kai wani ƙara. Wannan ba sata ba ce?" Hankalina yana kan janareta a lokacin, shi ya sa na ce ka bari sai yau.

Ba sata ba ce, yaro. A can suna ce wa irin wannan kiɗan "riddim", kuma mallakin furodusa ne. Shi zai haɗa shi, ya raɗa masa suna, sannan ya riƙa kiran mawaƙa ɗaya bayan ɗaya kowa ya hau. Abin ya faro tun zamanin faifan garmaho: gaban faifai waƙa, bayansa zallar kiɗa babu murya. Masu manyan sifikoki a unguwannin Kingston, babban birnin Jamaika, sai su juya faifan, mawaƙa irin su U-Roy su karɓi makirufo su yi ta zuba a kai.

Wanda nake so ka je ka saurara shi ne Sleng Teng na 1985. Wayne Smith da abokinsa Noel Davey ne suka tsinci kiɗan a cikin wani ɗan ƙaramin fiyano, Casio MT-40, kiɗan da kamfani ya ajiye a ciki tun daga masana'anta. Suka kai wa furodusa King Jammy a situdiyonsa da ke unguwar Waterhouse a Kingston, ya rage masa gudu, ya ɗan yi masa ƙari. Ɗaruruwan waƙoƙi aka yi a kansa, kuma daga nan dancehall, salon kiɗan rawa na Jamaika, ta koma kiɗan na'ura. Haka kiɗan Diwali na furodusa Lenky Marsden a 2002, mai tafin nan: Sean Paul ya hau da zafi, Wayne Wonder ya hau da taushi, kowa ya ci kasuwarsa. Daɗin abin a filin rawa yake, inda mai saka faifai zai jera su a jere kiɗa bai yanke ba, jama'a su nuna da ihu wanda ya fi iya hawa.

To ga inda maganar ta shafe ka. Kiɗan da ka haɗa makon jiya na buɗe shi da safe: sarewa biyu, goge, fiyano, ga wata jita tana ta kuka a tsakiya. A ina mawaƙi zai sa ƙafa? Ka riga ka rera masa waƙar da kayan kiɗa, dole ya bi bayanka. Su kuwa 'yan Jamaika ganga da bes, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, suke ƙarfafawa, su bar tsakiya fili, don mai murya kakkaura da mai siririya duk su sami wurin zama.

Ka koma kan kwamfuta ka kashe komai, ka bar ganga da bes kaɗai. Idan kanka bai kaɗa ba a haka, bes ɗin ne bai yi ba, shi za ka gyara. Bayan la'asar mawaƙa uku za su zo, zan sa kowannensu ya hau ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba.