Amsa ga mai son haɗa aku, kanari da dawisu a keji ɗaya

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwa mai tambaya, ka ce an damƙa maka babban keji a wani lambun shaƙatawa a nan Jos, mai wurin yana so a zuba aku da tsirya da kanari da tantabaru da zabi da dawisu wuri guda don 'yan kallo su ga cika, kana tambaya ko za su zauna lafiya. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin umarnin da aka taɓa ba ni ke nan, kuma har gobe abin na ci mini rai.

Ba za su zauna ba. Duk mai lanƙwasasshen baki, aku ne ko tsirya, kada ka bari ya kwana da kanari, komai faɗin kejin.

Ni wani dillalin tsuntsaye ne ya ja mana. Ya zo da kwandunansa, ya ce wa maigidan da nake yi wa aiki ai a daji ma tare suke kiwo, in akwai fili babu ruwan wani da wani. Na ce ranka ya daɗe, a daji kanari yana da inda zai gudu, a nan waya ce ta ko'ina. Aka bi maganarsa aka bar tawa, shi mai babbar riga ne, ni mai share kashin tsuntsu. Da farko lafiya lau, har dillalin yana yi mini dariya in ya zo. Sai da tsiryoyin suka yi aure suka kama akwatin sheƙa, sannan halinsu ya fito. Wata safiya na shiga da gero, na ga kanari a lungu a ƙasa yana ta fuffuka, ya tashi ya kama sanda ya sake faɗowa. Na ɗauke shi, yatsu biyu babu, an datse su cif. Na ɗaga kai, ga jini a jikin waya. Tsirya ba cin su take yi ba, jira take ɗan tsuntsu ya sauka kusa da akwatinta ta cafke ƙafar. Wanda ke hannuna namijin nan ne da ke fara waƙa da zarar na buɗe famfo, yara har sanin sa suka yi. Na sa masa aidin, na naɗe shi a hulata, ina jin zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna, kafin azahar ya mutu. Ba shi kaɗai ba ne a makon.

Na kira dillalin nan, buɗar bakinsa sai ya ce ɓera ne. Ɓera da rana tsaka a saman waya? Bayan kwana kaɗan sai ga shi da wasu kanarin zai sayar wa maigida a madadin waɗanda suka mutu, ko kunya babu. Kuɗin kuma daga albashina aka cire, wai sakacina ne. Shi ya ci riba sau biyu, ni na biya. Na yafe wa maigidan don bai sani ba, amma dillalin na bar shi da Allah, don ya sani sarai kura aka ba ajiyar nama.

To, abin da na ga yana yiwuwa: kanari da sauran ƙananan masu cin tsaba a sama, ƙananan kurciyoyi tare da su, salwa kaɗan a ƙasa tana tsintar abin da ya zube. Kowa da inda yake zama, abincinsu kuma kusan ɗaya. Ko su ɗin ma ka sa mazubin abinci da na ruwa a wurare da yawa, nesa da juna, ka dasa ciyayi masu duhu inda mai rauni zai ɓuya, akwatunan sheƙa su fi yawan ma'auratan. Zaman lafiyar da ka gani kafin lokacin ƙwai kada ya ruɗe ka.

Dawisu da zabi a yi musu nasu filin. Zabi in suka firgita da dare sai su tashi gaba ɗaya su bugi rufi, ƙananan su watse cikin duhu su yi ta karo da waya. Kuma don Allah kada wani ya kawo kajin gida ya saka wa dawisu wai su ɗebe masa kewa. Akwai cutar hanta da kaza ke ɗauke da ita ta hanyar tsutsar hanji, ita tana yawonta garau, dawisu da talo-talo su ne ke mutuwa, za ka ga kashinsu ya koma rawaya. Tantabaru su ma suna da nasu, farin abin nan da ke toshe musu maƙogwaro, ta ruwan sha yake bi ya kama ƙananan tsuntsaye. Cilakowa kuwa, in an ce a ƙara ta don kwalliya, ka ce a'a, ƙwai da 'yan tsaki abincinta ne.

Sabon tsuntsu ya yi aƙalla kwana 30 shi kaɗai, da kwanonsa da tsintsiyarsa, kafin ya ga sauran. Mu da muke da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a bayan gida tun 1924 ba mu da uzuri. In ɗaya ya mutu ba ka san dalili ba, kada ka jefar, ka sa a leda cikin ƙanƙara ka nemi likita a duba, ka kuma tambaye shi rigakafin cutar Newcastle, annobar nan ta kaji, na zabi da dawisu kafin hunturu. Tun da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2006 na daina yarda da kwandon kasuwa ya wuce ƙofa.

Sanyi ma abin dubawa ne. Kai ka san Jos a Disamba da Janairu, aku kuma tsuntsun dazukan kudu ne masu ɗumi. A rufe gefen da iskar hunturu ke bugowa, a yi musu ɗan ɗaki. Af, batun aku, tun 2017 aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda haka ka tambayi daga ina aka samo shi kafin a sa hannunka a ciki. Raina yana ɓaci in na ga ana cusa tsuntsayen daji a kwali, alhali a dajin Amurum, wajen Laminga, masana daga ƙasashen waje suke zuwa kallon tsuntsayen duwatsunmu a sake. 

Ƙofa ta zama biyu, ka rufe ta waje kafin ka buɗe ta ciki. Idon waya kada ya wuce milimita 12 in akwai kanari, in ba haka ba ɓera da maciji za su shiga, a kuma binne wayar cikin ƙasa ko a zuba siminti. In mai wurin ya dage sai an ga cika, a raba kejin da waya ninki biyu mai tazara a tsakani, don tsirya tana cizo ta cikin waya ɗaya. Mai kallo daga waje zai ga kamar wuri guda ne.

Ka sa mai wurin ya ba ka umarninsa a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ni rashin wannan ya sa aka ci albashina. Ka turo mana tsawo da faɗin kejin da hoton wayar, da yawan kowane iri, mu ga inda za a raba.