Gudun Sauri a Rukuni: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Mu bakwai ne muke sassarfa a filin makaranta bayan sallar asuba. Wani ɗan bautar ƙasa ya ce mu riƙa haɗawa da gudun sauri. Mu da ba gasa za mu shiga ba, me zai ƙara mana?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Yaron nan ya ba ku shawara mai kyau. In kullum taki ɗaya ake yi, jiki yakan saba, bayan 'yan watanni sai ci gaba ya tsaya. Amma in ka zabura na minti ɗaya, ka sassauta, ka sake zabura, zuciya tana koyon tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka kuma tana ƙara iya jan sukari daga jini. Sannu a hankali za ka ga sassarfar da take sa ka haki ta zama ba komai ba. Akwai kuma ribar lokaci. A ƙa'idarta ta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Ga wanda gona take jiransa da damina, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Tsarin ba sabo ba ne. Da shi shahararren ɗan tsere Emil Zatopek ya shirya har ya lashe gudun mita 5,000 da mita 10,000 da gudun fanfalaki a Olamfik ta 1952 a Helsinki. Gwarzon gudun fanfalaki Eliud Kipchoge ma ba shi kaɗai yake atisaye ba, cikin ayari yake yi a sansanin Kaptagat na ƙasar Kenya. Dalilin a fili yake: mutum shi kaɗai yana kai zagaye na huɗu zai ce ya isa, amma kamar aikin gayya, ganin na kusa da kai bai tsaya ba shi ke hana ka tsayawa. Kuma ranar da sanyin hunturu ya riƙe ka a bargo, akwai mai yi maka sallama a ƙofa. Ni a matsayina na likita, abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne in wani ya yanke jiki ya faɗi, akwai mai ɗaukarsa.

Ku fara da sassarfa ta minti 10 don jiki ya ɗumama. Sannan gudu minti 1, tafiya minti 2, sau shida. Sau ɗaya a mako ya wadatar a farko, kada kuma ya wuce sau biyu, da aƙalla kwana biyu a tsakani.

Tambaya: Likita, shekarata 52, ina shan maganin hawan jini. Ina bin samarin garinmu a yankin Ɗambatta, amma kullum ni ne na baya, sai in matsa wa kaina don kada a yi mini dariya.

Amsa: Alhaji, a nan haɗarin rukuni yake. Zuciyarka ba ta san da dariyar kowa ba. Kafin komai, je asibitin da ya fi kusa a auna ka. In har yanzu jinin yana kai 140/90 ko sama, ka tsaya a tafiya da sassarfa sai likitanka ya daidaita magani ya kuma ba ka izini.

In an ba ka, ku canza tsari: a daina auna nisa, a koma auna lokaci. Mutum ɗaya ya riƙe usur. Da ya busa kowa ya zabura gwargwadon ƙarfinsa, da ya sake busawa na gaba su juyo da tafiya su haɗu da na baya. Babu na ɗaya, babu na ƙarshe. Ma'auninka bakinka ne: ka iya furta kalma biyu ko uku kana cikin gudun. In ko ɗaya ta gagara, ka wuce gona da iri. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice, ka tsaya nan take, a kai ka asibiti a ranar.

Tambaya: Ni AS ne, daga Babura. Zan iya shiga, har da lokacin azumi?

Amsa: Za ka iya, ƙanena. Masu AS, wato waɗanda suka gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensu, da yawa 'yan wasa ne. Abin gudu shi ne haɗuwar abu uku: zafi, ƙishirwa, da gudu har ƙarfi ya ƙare. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wajenku, don haka da sassafe kawai. Da azumi kuma sai bayan an sha ruwa abinci ya faɗa. Ranar da kake zazzaɓi kada ka fita. In ƙafafu suka mutu maka farat ɗaya, ka tsaya, ba ragwanci ba ne. Mai SS kuwa, wato mai cutar sikila, lissafinsa daban ne, sai da likitansa.

Tambaya: Tun da muka fara, ƙwaurina yake ciwo. Abokina ya ce in sha tramadol ko diclofenac kafin mu fita.

Amsa: Kul! Tramadol yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma iya kawo farfaɗiya. Diclofenac a jikin da gumi ya ƙarar wa ruwa yana illata ƙoda. Dukansu rufe ciwon suke yi, kai kuma ka ci gaba da taka abin da ya ji rauni. Ciwon ƙwauri galibi daga gaggawar ƙara gudu ne, ko gudu a kan kwalta da silifa. Ka huta mako ɗaya zuwa biyu, ka koma ƙasa mai laushi da takalmi mai kauri, ka rage zagayen zuwa rabi. In ciwon ya taru a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da yatsa, ko yana damunka ko tafiya kake yi, ƙila ƙashin ne ya tsage, sai a duba ka a asibiti.