Duwatsun da Alhaji ya gani a gonakin Kaulaha

(An rubuce muryar Malam saboda waɗanda ba su samu damar saurare ba.)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Alhaji, sannu da dawowa, Allah ya karɓi ziyara. Tun da la'asar na ga hoton da ka turo, na jajayen duwatsun nan da ke tsaye sun yi zobe a tsakiyar gonar gyaɗa, waɗanda ka ce kun gani bayan an tashi daga Maulidi a Kaulaha kun kama hanyar Gambiya. Ka tambayi me aka yi su domin. Na ga wani ɗan'uwa ya ce aikin aljanu ne, wani ya ce kabarin Samudawa ne, Hajiya kuma ta ce sun yi mata kama da masallacin gona. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya, ku yi haƙuri da ni.

To Alhaji, abin da ka gani ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Irin waɗannan da'irori sun haura 1,000, a warwatse arewa da kogin Gambiya, tsakanin Senegal da Gambiya, a tsawon kusan kilomita 350. A 2006 hukumar UNESCO ta sa wurare huɗu cikin kayan tarihin duniya: Sine Ngayene da Wanar a Senegal, sai Wassu da Kerbatch a Gambiya. Sine Ngayene kaɗai da'ira 52 ce, kuma a yankin Kaulaha take. Na Wassu har a jikin takardar dalasi 50 ta Gambiya an buga hotonsu.

Dutsen kansa ai mun san shi, marmara ce. Wannan jar marmarar da mai haƙar rijiya ke tararwa. Ita aka yanko da kayan ƙarfe, aka sassaƙe ta zama ginshiƙi sumul, wani ya kai mita biyu ko ya ɗara, wani nauyinsa ya kai tan bakwai. A nan ne maganar aljanu ta faɗi, ɗan'uwa, domin an ga mahaƙar. Kamar kilomita ɗaya gabas da Sine Ngayene akwai wurin da aka yanko duwatsun, ana iya gane gurbin kusan guda 150 a jikin marmarar. Hannun ɗan'adam ne. Mutane ne masu maƙera, masu abincin ciyar da ma'aikata, masu shugaban da zai ce a fito gayya a fito. Wallahi abin yana yi mini ciwo, yadda da mun ga aiki mai kyau na tun dā a ƙasar baƙar fata sai mu miƙa wa aljanu.

Sai maganar kabari. Wannan ɗan'uwa ya kusa gaskiya, Samudawan ne kawai za a cire. Masu binciken tarihin ƙarƙashin ƙasa sun tona, tun a shekarun 1970, sannan a farkon shekarun 2000 Augustin Holl da Hamady Bocoum suka sake aiki a Sine Ngayene. Abin da aka samu ƙasusuwan mutane ne daidai girmanmu, da kawunan māsu na ƙarfe, da mundaye na tagulla, da tukwane.

Amma ku saurara, ga inda abin yake da daɗin nazari. Ba kamar kabarinmu ba ne, mutum ɗaya a rami ɗaya. A ƙarƙashin da'ira guda ana samun mutane da yawa, wani wurin gommai. Masana na farko da suka ga haka, wasu cikinsu suka ce babban mutum ne ya mutu aka kashe bayinsa ko matansa aka binne su tare. Holl da abokan aikinsa suka duba da kyau suka ce a wurare da dama ba gawa cikakkiya aka sa ba. Ƙoƙon kai ne da dogayen ƙasusuwan hannu da ƙafa, an tsinto an tara. Wato mutum ya mutu, an binne shi a wani wuri, bayan nama ya ƙare aka kwaso ƙashin aka kawo shi nan wurin danginsa. Akwai wata mai zobe biyu a Sine Ngayene, ɗaya cikin ɗaya, wadda bincike ya nuna an yi ɗaruruwan shekaru ana komawa gare ta. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da wannan bayanin. Wurin da aka yi ta dawowa kaka da kakanni ba ramin yanka na rana ɗaya ba ne, gidan zuriya ne.

Da na ce gida, ba ƙarin gishiri na yi ba. Aikin da aka yi a Wanar daga baya ya nuna cewa duwatsun da muke gani tsaye da gibi a tsakaninsu, asali an cike gibin da ƙananan duwatsu, har abin ya fito kamar kewayayyen ɗaki. Ka ƙiyasta ɗakin da ruwan shekaru ya cinye, ginshiƙai kawai suka rage. Shi ne hoton da ka ɗauko mana, Alhaji.

Hajiya, maganarki ta masallaci na gane inda ta fito, domin mu ma a gona ko bakin hanya muna jera duwatsu mu keɓe wurin salla. Kuma gaskiya ne yawancin da'irorin suna da dutse ɗaya ko jeri na duwatsu tsaye daga gabas. Sai dai waɗannan a wajen zoben suke, a gabansa, kuma a wannan gefen ake yawan samun tukwane a kife, alamar nan masu rai ke zuwa su ajiye abin da suka kawo wa mamatansu. Ga shi kuma UNESCO ta ce al'adar ta faro tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ta kai har ƙarni na 16 bayan haihuwarsa. Farkonta ya riga zuwan Musulunci yankin nesa ba kusa ba.

Wasu za su kawo Stonehenge, wata da'irar manyan duwatsu ta tun dā a Ingila, su ce ai irin waɗannan agogon rana ne, na sanin lokacin shuka. Can an gina ta daidai da fitowar rana a ranar da yini ya fi tsawo, wannan haka yake. Amma da'ira 52 a fili ɗaya ta wuce buƙatar mai lissafin damina, kuma ƙasa ta riga ta nuna abin da ke cikinta.

Abu ɗaya da zan ƙara, wanda manomi zai fi kowa ganewa. Wanda ya binne kakanninsa a wuri, ya kafa dutse mai tan bakwai a kai, ai ya gaya wa duk mai wucewa cewa ƙasar nan da masu ita. A ganina duwatsun sun yi aikin shaidar gado ma.

Ka ce ka ga tsakuwoyi a ɗore bisa kawunan ginshiƙan. Wannan na yanzu ne, masu ziyara ke ɗorawa, a Wassu an san su da haka. Abin da ya burge ni a hotonka shi ne kunyoyin gyaɗar, yadda manomin ya kewaye duwatsun da garmarsa bai taɓa ko ɗaya ba. Allah ya saka masa.

Idan Allah ya kai mu baɗi ka koma, ka nemi a kai ka Wanar. A can akwai masu kai biyu kamar gwafa, kuma daga dutse guda aka sassaƙo kowanne. Ka tsaya daga gabas ka ɗauko mana su da safe. Sai da safenku, wassalamu alaikum.