Aikin wata uku a Tema: in karɓa ko in jira na dindindin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Nima a Accra, na gama karatun difloma da bautar ƙasa, shekara guda ke nan ina zaune. Wani kamfanin sama wa mutane aiki ya yi mini tayin wata uku a wani babban sito a Tema, in riƙa rubuta kayan da suka shigo da waɗanda suka fita. Yayana ya ce ɓata lokaci ne, gara in jira na dindindin. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka karɓa, tare da girmama ra'ayin yayanka, domin Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Takardar neman aiki saƙo ce da ake ajiyewa cikin ɗaruruwan irinta, amma wanda manaja ya gani da idonsa har wata uku yana zuwa a kan lokaci, lissafinsa kuma bai taɓa saɓawa ba, shi ne zai fara faɗo masa a rai ranar da gurbi ya samu. Ko gurbin bai samu ba, za ka fita da amsar tambayar da ke kayar da matasanmu a wurin ganawa, wato a ina ka taɓa yin aiki.

Sai dai ka shiga da sanin haƙƙinka. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta bambanta ma'aikacin wucin gadi, wanda aka ɗauka na aƙalla wata ɗaya a jere, da ɗan aikin yini da ake lissafa masa kuɗinsa kullum. Kai kana cikin kashi na farko, saboda haka ƙa'idar mafi ƙarancin albashi ta shafe ka, haka ma ta awa 8 a rana ko 40 a mako, da biyan ranakun hutun ƙasa, da hutun rashin lafiya. Abin da ya fi muhimmanci yana sashe na 75: wanda ya yi wa ubangida ɗaya aiki wata shida a jere ko fiye, doka tana ɗaukarsa a matsayin ma'aikacin dindindin. Wannan ne ya sa wasu kamfanoni ke sallamar mutum gab da cikar wata shida, su sake kiransa bayan 'yan makonni, dabarar da a ganina cin gumin talaka ce ko da an yi mata ado da takarda. Kariyarka a nan ita ce shaida. Doka ba ta tilasta rubuta yarjejeniya ba sai aikin ya kai wata shida, amma ka nemi a rubuta maka ranar farawa da albashi da sunan wanda zai biya ka, shin sito ne ko kamfanin da ya kai ka, ka kuma adana takardun albashi da saƙonnin MoMo, wato na kuɗin da ake turo maka ta waya. Idan saɓani ya taso, da su za ka je Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.

Shi ma kamfanin da ya yi maka tayin ka tambaye shi lasisinsa. Idan ka biya irin wannan kamfani kuɗi, wata uku ya wuce bai sama maka aiki ba, doka ta ce ya mayar maka da rabi.

Kada ka raina batun SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, don aikin gajere ne. Ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga ainihin albashin ma'aikaci, ubangida ya ƙara kashi 13, kuma sai mutum ya tara wata 180 kafin ya cancanci fansho, don haka watanni ukun nan ma ana ƙirga su. Ka duba da lambar Ghana Card ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ko kuɗin suna shiga, saboda cirewa daban, turawa daban. Ka kuma cire kuɗin tirotiro, wato motar haya, daga Nima zuwa Tema da na abincin rana kafin ka amince da albashin, tunda abin da ya rage shi ne ainihin samunka.

A wurin aikin kuwa, mai rubuta kaya amanarsa ce jarinsa. Kada ka sa hannu a kan kayan da ba ka ƙirga da kanka ba, ko direba yana sauri, ko babba ne ya ce ka yi. Ka koyi manhajar kwamfutar da suke lissafi da ita tun makon farko, ka sanar da shugabanka batun sallar Juma'a tun ranar da ka fara maimakon ka riƙa ɓacewa, ka kuma guji shiga tsegumin tsofaffin ma'aikata, domin ba ka san tarihin rigimarsu ba. Idan saura mako biyu wa'adin ya cika, ka same shi ka faɗa masa kai tsaye cewa kana son ci gaba, sannan ka roƙi takardar shaidar aiki mai tambarin kamfanin tun kana ciki, domin bayan ka bar wurin karɓarta takan zama jeka-ka-dawo.