Ki zaɓi tsibirin kusa, ki fita da sassafe

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa don maganar tana da ɗan tsawo. Kin ce a hutun Disamba ku bakwai za ku shiga babban jirgin ruwa na yawon buɗe ido, ke da maigida da Hajiyarsu da yara huɗu, jirgin zai tsaya Zanzibar wuni ɗaya. Yara sun matsa sai an kai su tsibiri sun sa tabarau da bututun numfashi sun leƙa kifaye, ke kuma ko daga Katsina zuwa Kano sai kin riƙe leda a mota saboda amai. Sau biyu na yi irin wannan fita da iyalina a can, ta farko mun sha wuya, ta biyu lafiya lau, kuma bambancin ba magani ba ne kaɗai.

Babban jirgin ba shi ne abin tsoro ba. Girmansa da nauyinsa sun sa wani lokacin sai ki manta kan ruwa kike, musamman in ɗakinku yana tsakiya kuma a hawa na ƙasa. Inda ake jin jiki shi ne ƙaramin kwalekwalen da zai kwashe ku zuwa tsibiri. Saboda haka tambayar da za ki fara yi wa duk mai tallata maku fita ita ce: minti nawa za mu yi a cikin kwalekwale, kuma in mun isa akwai ƙasar da za a taka?

Zuwanmu na farko a watan Yuli ne, mun biyewa hotuna muka ce sai Mnemba, wanda kowa ke yabo. Daga tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, sai da muka yi wajen awa ɗaya da rabi a mota zuwa arewa maso gabas, sannan muka shiga kwalekwale rana ta riga ta take. Abin da ba a gaya mana ba, tsibirin na masu zaman kansu ne, baƙo ba ya sauka. A kan ruwa ake tsayar da kwalekwale, masu iyo su faɗa, sauran su zauna yana ta lilo da su. Wallahi wannan lilon na tsaye ya fi na tafiya tayar da zuciya. Babbar ɗiyata ta yi amai har ta galabaita, ni kuma na kasa ko ɗaga kai in taimaka mata, kuma babu inda za mu sauka mu huta. Murjanin wurin, wato halittun nan masu kama da duwatsu masu launi a ƙarƙashin ruwa, yana da kyau, ban musa ba, amma ba na mai wuni ɗaya ba ne da ke ɗauke da tsohuwa da ƙananan yara.

Na biyun muka je Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku. Bai kai kilomita 6 daga gari ba, minti 20 zuwa 30 kun isa, kuma yana ɓangaren yamma inda babban tsibirin ke tare maku wata iskar. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Akwai manyan kunkuraye, asalinsu kyauta ce daga tsibiran Seshel a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari. Nan akwai inuwa, akwai banɗaki, akwai wurin zama. Hajiya za ta zauna ta yi kallo da carbinta, wanda zuciyarsa ta tashi ya taka ƙasa, cikin ɗan lokaci ya dawo hayyacinsa. Kifayen gefensa ba su kai na Mnemba yawa ba, amma yaron da ya tashi a Katsina bai taɓa ganin abin da ya wuce dam ɗin Ajiwa ba, abin da zai gani nan ya ishe shi labarin shekara.

Za a yi maku tayin haɗawa da Nakupenda, wani tudun farin rairayi a tsakiyar teku. Wurin gwanin sha'awa ne, sai dai ki san abu biyu. Babu bishiya, babu banɗaki, rumfar tamfal kawai ake kafawa. Sannan yana fitowa ne in teku ta janye, in ta cika ta shafe mafi yawansa. Teku na cika sau biyu ta janye sau biyu a kwana ɗaya, lokacin kuma yana ƙara jinkiri da kusan minti 50 kullum, cikar da janyewar sun fi ƙarfi a farkon watan Musulunci da tsakiyarsa. Ki sa maigida ya duba jadawalin cikar teku na ranar a intanet kafin ku biya kuɗi. In janyewar ba ta faɗo da safe ba, ku haƙura da shi.

Shi tashin zuciyar, abin da ke kawo shi saɓani ne tsakanin ido da cikin kunne. Kunne na gaya wa ƙwaƙwalwa ana motsi, ido yana kallon katakon kwalekwale ko waya yana cewa a tsaye ake, sai jiri da gumi da miyau su taso. Shi ya sa dabarun duk ɗaya suke nufa. Ki zauna tsakiyar kwalekwale, ba goshi ba inda yake dukan ruwa, ba can baya ba inda hayaƙin inji yake. Ki fuskanci gaba, ki kafa ido can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Waya ta shiga jaka, hoto ya jira sai an sauka. Wannan ita ce dokar da ta fi wahalar da yarana, amma ita ta fi yi masu amfani. Kada ki fita da yunwa, kada kuma ki cika ciki da maiƙo. Mu shayi da burodi muka sha, na riƙe busasshen biskit da 'yar citta ana tsotsa. Citta tana ɗan taimakawa, amma ga mai irin lalurarki ba za ta wadatar ita kaɗai ba.

Magani kuwa, kuskuren da na yi a farko shi ne na bari sai da zuciya ta tashi sannan na haɗiya, ya dawo tare da aman. Rigakafi ne, kafin a shiga ake sha. Stugeron ana shansa awa 2 kafin tafiya, ba a ba yaron da bai kai shekara 5 ba, kuma yana zuwa da ƙarfi daban-daban, don haka kada ki ƙiyasta da ka, likita ya rubuta wa kowa nashi. Avomine da daddare ake sha kafin ranar, yana sa barci mai nauyi. Akwai kuma filastar da ake mannawa bayan kunne awanni kafin tafiya, tana aiki har kwana 3, amma ba ta ƙananan yara ba ce, kuma mai hawan jinin ido ba ya amfani da ita. Hajiya ta je da jerin magungunan da take sha a duba ko za su haɗu. In kina da juna biyu ki faɗa wa likita tun farko. Shawarar da na fi so ki riƙe: ki gwada maganin tun kuna gida, ki sha ranar wata Asabar ku tafi Daura ku dawo, ki ga yadda jikinki ya karɓa. Wanda magani ya sa shi gyangyaɗi ba ya shiga ruwa, kuma ba a ba shi tsaron yara. Ki lura da 'yan shekara 6 zuwa 12, su abin ya fi kamawa. Jarirai ba kasafai yake damunsu ba.

Ku nemi fitar farko. Da safe teku ta fi kwanciya, iska na ƙaruwa ne bayan azahar. Disamba ma kun yi dace, iskar kudu da ke kaɗawa wajen Yuni zuwa Satumba ta fi ƙarfi, ita muka tarar a wancan zuwan.

Maganar lokaci ki kula da kyau. Tanzaniya na gaban Najeriya da awa 2, jirgin kuma yana da agogon da yake bi, shi za ku bi. Sannan masu Suwahili suna fara ƙirga awa ne daga wayewar gari, ƙarfe 7 na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. In mai kwalekwale ya ce ƙarfe biyu, yana iya nufin 8 na safe. Ku rubuta lokacin a waya ku nuna mashi, ya gyaɗa kai. Fitar da jirgin ya shirya da kansa ta fi tsada, amma in ta makara yana jira. In ku kuka shirya taku kuka makara, tafiyarsa zai yi ya bar ku da fasfo a hannu. Ni ra'ayina, tunda wannan ne karonku na farko kuma da Hajiya, ku biya ta jirgin. In kun zaɓi taku, ku dawo gari aƙalla awa 2 kafin lokacin rufe ƙofar jirgin.

Mu gaya wa kanmu gaskiya, yawancinmu a nan ba mu iya iyo ba, kuma babu abin kunya a ciki. Kafin kowa ya taka kwalekwale ki ƙirga rigunan ruwa da idonki, ki tabbata akwai daidai jikin yara. Rigar babba a jikin yaro sulluɓewa take ta kai. Mai kwalekwalen da ya ce ba a buƙata, ku bar shi ku nemi wani. A cikin ruwa kowane yaro da babba ɗaya a gefensa, kuma a fara daga inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ki sayi tabarau da bututun yara tun yanzu su saba da numfashi ta baki, ko a wurin wankan otal, ko ma a babban baho a tsakar gida kina tsaye a kansu. Gwajin tabarau mai sauƙi ne: a ɗora a fuska ba tare da igiya ba, a ja numfashi ta hanci, in ya manne ya yi. Wanda ke rufe fuska gaba ɗaya ban yarda da shi ga yara ba. Ku sa takalman roba, don akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu. Kada a taka murjani ko a taɓa shi, yana yanka, shi ma yana mutuwa. Kuma ko a cikin ruwan zuciya na iya tashi in yaro ya haɗiyi ruwan gishiri ko igiyar ruwa na jijjiga shi. Minti 15 ya isa, a fito a sha ruwa mai daɗi.

Ke ma ki shiga, kada ki tsaya gadin jaka. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka da hular kai, ba zani ko doguwar riga ba, waɗannan nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Ki tabbata bakin hular bai shiga ƙarƙashin robar tabarau ba, in ba haka ba ruwa zai riƙa zubo maki. Mutanen Zanzibar galibinsu Musulmi ne, babu mai yi maki kallon mamaki. Ruwan teku yana alwala, ku matafiya ne kuna da sauƙin ƙasaru, sai ki sa 'yar darduma a leda tare da kayan canji, da katin rigakafin shawara na kowa, don ana iya tambayarsa a tashar jirgin.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a gaida Hajiya. In kin samu takardar da ke nuna ƙarfe nawa jirgin zai isa da ƙarfe nawa zai tashi, ki turo mu duba tare ko Nakupenda zai shiga.